Yadda ake sayen gidan HDFC a Niyu Yok, ga wanda haya ta gajiyar

Wanda ya shekara goma yana biyan haya a Bronx ko Harlem ya san yadda ɗaya ga wata take saurin zagayowa. Ka yi tuƙi dare da rana, ko ki kwana kina jinyar tsohuwa a gidan wasu, kuɗin ya shigo ta ƙofa ya fice ta taga, shekara ta ƙare babu ko bulo ɗaya da za a nuna. Shi ya sa idan mutum ya ci karo da tallar ɗaki biyu da falo a shafin tallar gidaje na StreetEasy, farashin kuma ya yi ƙasa sosai da na gidajen maƙwabta, sai gabansa ya faɗi. Yana dubawa ƙasan tallar sai ya ga haruffa huɗu, HDFC (Housing Development Fund Corporation, wato gidan haɗin gwiwa da aka keɓe wa masu ƙaramin ko matsakaicin samu), da gargaɗin cewa akwai iyakar kuɗin shiga, wato abin da mai saye ke samu a shekara. Da yawa daga 'yan'uwanmu na Kumasi, Nima, Yamai, Damagaram da Kano a nan suke ja da baya, wai abin na masu hanya ne. Ba haka ba ne. Ƙofar tana da ƙunci, amma ana shiga, kuma abin da ke buɗe ta shi ne takardunka su faɗi magana ɗaya daga farko har ƙarshe.

Da farko ka san abin da kake saye

A shekarun 1970 masu gidaje da yawa a Kudancin Bronx, Harlem da Lower East Side suka yi watsi da gine-ginensu, ba haraji ba gyara, wasu ma gobara ta cinye su. Hukumar birni ta ƙwace waɗanda suka rage saboda bashin haraji. Mazauna ciki, akasarinsu baƙaƙen fata 'yan Amurka da mutanen Puerto Rico da Jamhuriyar Dominika, suka ƙi tashi. Su suka riƙa karo-karo suna sayen man ɗumama gini, suna toshe yoyon rufi da hannunsu. A 1978 birni ya fara shirin da ake kira TIL, aka koya wa mazauna tafiyar da gini, daga baya aka sayar musu kowane gida a kan dala 250. Ƙungiyar UHAB, wadda aka kafa a 1973, ita ta horar da da yawansu, kuma har yau tana nan. Gine-gine sama da 1,000 ne ke cikin wannan tsari a birnin, ƙarƙashin sashe na 11 na dokar jiha kan kuɗin gina gidaje, hukumar gidaje ta HPD kuma ita ke sa ido.

Na kawo wannan tarihi ne domin dattijuwar da za ta zauna gabanka ranar ganawa da kwamitin mazauna gini, mai yiwuwa tana cikin waɗanda suka kwana da bargo uku a hunturun waɗancan shekaru. Ba ta ɗauki ginin a matsayin haja ba, kuma ba za ta so wanda ya ɗauke shi haka ba.

A gidan haɗin gwiwa irin HDFC ba bango da ƙasa kake saye ba. Ginin gaba ɗaya mallakar kamfani ne, kai kuma kana sayen hannun jari a kamfanin, a ba ka takardar hannun jarin da yarjejeniyar zama a gida lamba kaza. Kowane wata kana biyan kuɗin kula da gini, wanda daga ciki ake biyan haraji, ruwa, ɗumama, inshora da bashin gini idan akwai. Kwamitin da mazauna suka zaɓa shi ke da ikon karɓarka ko ƙin ka. Riƙe wannan da kyau: idan gini ya nutse a bashi, da kai ya nutse, ko da ba ka taɓa makara da biyan naka ba.

Mataki na ɗaya: auna kanka da iyakar kuɗin shiga

Kowane gini da tasa iyakar, kuma hanya biyu ake bi wajen lissafi. Ta farko ita ce AMI, wato matsakaicin kuɗin shigar iyali a yankin, wanda ma'aikatar gidaje ta tarayya ke fitarwa duk shekara. A 2024 adadin ya kasance dala 108,700 ga mutum ɗaya, dala 155,300 ga iyali mai mutum huɗu. Wani gini zai ce kashi 80 cikin 100 na wannan, wani 120, wani 165. Idan aka ce 120, iyali mai mutum huɗu a waccan shekarar ba za su wuce dala 186,360 ba. Nemi teburin bana a shafin HPD, kada ka dogara da na bara.

Hanya ta biyu ta fi tsauri. Ana haɗa kuɗin kula da gini na shekara da kuɗin wuta da gas, a ninka sau shida, ko sau bakwai ga mai iyali da yawa. A ce kuɗin wata dala 700 ne, wuta dala 100. A shekara dala 9,600 ke nan, sau shida ya zama 57,600, sau bakwai 67,200. Wasu gine-ginen suna ƙara kashi 6 cikin 100 na abin da mai sayarwa ya biya lokacin da ya saya kafin a ninka. Ka ga inda matsatsin yake: gidan da ake nema masa dala 300,000, amma ba a yarda mai saye ya wuce dala 60,000 a shekara ba, banki da wuya ya ba shi rancen da zai isa. Irin waɗannan sukan faɗa hannun mai tsabar kuɗi a ajiye, ko wanda iyayensa suka tallafa masa. Kada ka ɓata wata uku a kansu idan lissafin bai fita ba.

Kuɗin shigar da ake dubawa na duk baligin da zai zauna a gidan ne, ba naka kaɗai ba. Na uwargida da na ɗanka mai aiki a kanti duk suna ciki. Yawanci takardun haraji na shekara biyu da suka wuce ake nema. Kafin ka je ganin gida, tambayi dillali a rubuce: nawa ce iyakar ga mutum kaza, da wace hanya ake lissafa ta, shekara nawa ake dubawa.

Mataki na biyu, kuma a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe: gyara takardun kuɗi

Mai albashi, kamar mai jinya a gida ko ma'aikacin asibiti, nasa da sauƙi, takardar W-2, wadda wurin aiki ke bayarwa kan albashin shekara, da sauran takardun albashi sun wadatar. Direban tasi ko Uber da mai shagon kitso da mai sayar da kaya a titi na 116 a Harlem su ne ke da aiki. Shekara da shekaru mai cike takardar haraji yana zabtare kuɗin mai, gyaran mota da inshora, har abin da ya rage a takarda ya zama ɗan kaɗan. Wannan adadin zai shigar da kai ƙarƙashin iyakar gini cikin sauƙi, amma shi ɗin dai banki zai duba ya ce ba ka da ƙarfin biyan rance. Ba za ka nuna wa kwamiti fuska ɗaya ka nuna wa banki wata ba, domin takarda ɗaya suke karantawa, kuma banki kan nemi kwafinta kai tsaye daga hukumar haraji. Ƙarya a takardar neman rance laifi ne a dokar tarayya. Saboda haka mai sana'ar kansa ya fara shiri shekara biyu kafin ya fara neman gida, ya bayyana abin da yake samu na gaskiya.

Sai maganar adashi. Na ga wani ɗan'uwa ya kwashi adashinsa, dala 20,000 a ambulan mai ruwan ƙasa, ya kai banki ranar Litinin yana murna, ranar Alhamis ya miƙa takardun neman rance. Ma'aikaciyar ta sa yatsa a kan layin ta ce, wannan daga ina? Ya yi bayanin adashi iya ƙoƙarinsa, amma ba rasit, ba sunayen 'yan zubi a rubuce, ba shaidar zubin da ya yi wata-wata. Aka cire kuɗin daga lissafi kamar babu su, gidan kuma ya tafi hannun wani. Halalinsa ne, gumin wata ashirin. Abin da ya rasa shi ne sawun kuɗin. Banki yakan duba bayanin asusu na wata biyu ko uku na baya, duk wani babban kuɗi da ya faɗo sai an faɗi asalinsa. Idan kana adashi, ka riƙa zubi ta banki ko manhajar tura kuɗi ta Zelle yadda sawu zai fito, uwar adashi ta rubuta takarda, ka kuma sa kuɗin a asusu watanni kafin ka nemi rance. Kada ka rarraba tsabar kuɗi ƙanana-ƙanana don gudun rahoton da banki ke yi a kan abin da ya wuce dala 10,000. Rarrabawar da wannan niyya ita kanta laifi ce. Idan ɗan'uwa ne ya ba ka, akwai takardar kyauta da zai sa wa hannu cewa ba bashi ba ne.

Kiredit ɗinka ma ka duba shi da wuri. Da yawanmu muna ƙyamar katin bashi, muna ganin rashin bashi shi ne mutunci, sai a wayi gari ba mu da tarihin da banki zai karanta. Wasu masu ba da rance suna karɓar shaidar biyan haya da wuta da waya a kan lokaci, don haka ka daina biyan haya hannu da hannu ba rasit. Idan kuma kana da fili ko gida a can gida, kuma takarda ta tambayi kadarorinka, ka rubuta.

Mataki na uku: nemo kuɗin da mai ba da shi

Ba kowane banki ke ba da rance a kan HDFC ba. Bankunan haɗin gwiwa na unguwa, irin su Lower East Side People's Federal Credit Union, sun daɗe suna yi, UHAB ma tana da reshen ba da rance don irin waɗannan gidaje, akwai kuma shirye-shiryen SONYMA, hukumar rancen sayen gida ta jiha. Tambayi dillalin mai sayarwa wane banki ne ya ba da rance a wannan ginin kwanan nan. Idan amsar ita ce babu, a tsabar kuɗi kawai ake saye, to akwai abin da bankuna suka gani suka ja baya, sai ka nemi sanin ko mene ne.

Abin da za ka biya daga aljihunka yakan kama daga kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na farashi, gwargwadon dokar gini. Shirin HomeFirst na birni yana ba mai sayen gidan farko tallafin da ya kai dala 100,000, da sharaɗin ya halarci darasin sayen gida a cibiyar da HPD ta amince da ita, ya sa wani abu daga kuɗinsa, ya kuma zauna a gidan shekara 10 ko 15 gwargwadon yawan tallafin. Yana da tasa iyakar kuɗin shiga dabam da ta gini. Je ka yi darasin ko da ba ka da tabbacin samun tallafin. 'Yan sa'o'i ne, kuma za ka fito da mai ba da shawara da ba ya neman la'ada a wurinka.

Maganar kuɗin ruwa ba abin da za a tsallake ba ne ga Musulmi. Akwai kamfanoni a Amurka masu tsarin murabaha ko musharaka, amma tsarinsu an gina shi a kan mallakar gida da ƙasarsa, nan kuwa hannun jari ne. Kira su tun kafin ka ga gida ko ɗaya, ka tambaya ƙarara ko suna karɓar gidan haɗin gwiwa a Niyu Yok. Ka kuma zauna da malamin da ka yarda da iliminsa, wanda ya san yadda zaman nan yake. Gara ka yanke wannan hukunci da natsuwa da ka yanke shi bayan ka sa hannu, kafin alƙalaminka na hannun wasu.

Mataki na huɗu: neman gida

Duba shafukan StreetEasy da Zillow, ka rubuta HDFC a wurin bincike, sai shafin UHAB, da Housing Connect, inda ake ƙuri'ar gidajen da birni ya gyara ko ya gina. Gidajen HDFC sun fi yawa a Harlem, Hamilton Heights, Washington Heights, Lower East Side, Kudancin Bronx, da Bedford-Stuyvesant da Crown Heights a Brooklyn. Akwai wani tsari dabam mai suna Mitchell-Lama, tun 1955, wanda Co-op City a Bronx mai gidaje sama da 15,000 ke cikinsa. Shi layi ake bi na shekaru, kuma idan za ka fita kuɗinka kawai ake maido maka ba riba. Sa sunanka a layin ba ya hana ka neman HDFC. Wa zai biya la'adar dillalinka, a rubuta tun ranar farko.

Mataki na biyar: binciki ginin fiye da yadda ka binciki ɗakin

Sabon fenti da tayal mai ƙyalli ba sa faɗin komai. Ka ce a sauka da kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ka ga tukunyar ɗumama gini: tsatsa, ruwa kwance a ƙasa, warin mai. Ka hau matakala da ƙafa har hawa na ƙarshe ka ɗaga kai, tabon ruwa mai launin shayi a silin yana nufin rufi na yoyo. Duba akwatunan wasiƙa, duba ko ƙofar waje tana kullewa da kanta. Ka dawo da daddare kai kaɗai, ka tsaya a bakin shagon da ke kwanar titi ka saurari unguwar. Idan lokacin sanyi ne, taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki. Dokar birni ta wajabta ɗumama daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu. Ka gaisa da duk wanda ka gamu da shi a matakala ka tambaye shi ko ruwan zafi na yankewa. Mazauni zai faɗa maka cikin minti biyu abin da dillali ba zai faɗa ba.

Sannan ka ɗauki lauya wanda ya taɓa yin cinikin HDFC, ba wanda ya yi maka takardun zama ba, komai kirkinsa. Shi zai karanta rahoton kuɗin gini na shekara biyu ko uku, da bayanan tarukan kwamiti, da dokokin gida. Abin da kuke nema: nawa ne a asusun ajiya, mazauna nawa ne ba sa biyan kuɗin wata, ana bin ginin bashin haraji ko na ruwa, akwai shari'a a kotu, akwai wani babban gyara da za a raba wa mazauna kuɗinsa. Kai ma kana iya duba wasu da kanka kyauta: ACRIS don takardun mallaka da bashi, HPD Online don laifuffukan da aka rubuta wa gini. Bashin ruwa da haraji ba wasa ba ne, akwai gine-ginen HDFC da birni ya ƙwace saboda shi, masu hannun jari suka koma 'yan haya a gidajen da suka saya.

Ni kuɗin wata mai arha sosai tsoro yake ba ni. Gini mai shekara ɗari da bai ƙara kuɗin wata ba tsawon shekara goma, ba adalci yake yi wa mazauna ba, gyara yake ɗagewa, kuma ranar da tukunya ta mutu a watan Janairu kowa zai ji a jikinsa.

Abu biyu kuma lauya ya fito maka da su a fili. Na ɗaya, rangwamen harajin da yawancin waɗannan gine-gine ke ci, wanda ake kira DAMP, wa'adinsa 2029 ne. A tambayi kwamiti ko sun sa hannu a sabuwar yarjejeniya da HPD, da abin da ta ƙunsa, domin irin wannan yarjejeniya takan zo da iyakar farashin sayarwa. Na biyu, kason da gini ke ɗauka idan ka tashi sayarwa, wanda a takardu za ka ga an rubuta flip tax. A gine-gine da yawa kashi 30 cikin 100 na riba ne: ka saya 150,000, ka sayar 250,000, dala 30,000 ta gini ce. Wasu sun fi haka. Da wannan kuɗi ake canza rufi, don haka ban ga aibunsa ba, amma mai neman abin juyawa ya nemi wata kasuwar.

Mataki na shida: tayi, kwantiragi da kundin kwamiti

A Niyu Yok, an karɓi tayinka ba ya nufin an sallama. Sai ɓangarorin biyu sun sa hannu a kwantiragi, ka ajiye kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin 100, a asusun amana na lauyan mai sayarwa. Tabbatar kwantiragin ya ce za a maido maka kuɗinka idan banki ya hana rance ko kwamiti ya ƙi ka ba da laifinka ba.

Kundin kwamiti tarin takardu ne: haraji, albashi, bayanin asusu, wasiƙar amincewar banki, wasiƙar mai gidan da kake haya, wasiƙun shaida daga wurin aiki da mutanen da suka san ka. Limaminku ko shugaban ƙungiyar garinku na iya rubuta ɗaya. Lissafa duk wanda zai kwana a gidan, har jariri. Idan kana shirin ɗauko mahaifiya daga gida, ka faɗa yanzu. Mutanen da ke karanta kundin nan 'yan sa-kai ne da ke dawowa daga aiki a gajiye, kundi mai tsari da ba a bar gurbi ba yana rage makonni.

Ranar ganawa, sau da yawa a falon wani ake yi ko a ɗakin wanki, kan kujerun ninkewa, mutum huɗu ko biyar, wata na magana da Sifaniyanci ana fassara mata. Ku je da uwargida, ku isa da wuri, ku yi shigar mutunci. Babbar riga ko hijabi ba abin ɓoyewa ba ne. Amsa abin da aka tambaya ka tsaya. Kada ka kawo maganar rushe bango ko sukar matakala. Za su so su ji nan ne gidanka na dindindin, kuma kana shirye ka taimaka, domin da yawan gine-ginen nan su ke tafiyar da kansu, wani na riƙe littafin kuɗi, wani na fitar da shara, wani na kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa. Kwamiti na iya ƙin mutum ba tare da faɗin dalili ba, amma doka ta haramta ƙi saboda addini, launi, ƙasar asali ko 'ya'ya. Wanda aka yi wa haka yana iya kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta birni, ta hanyar kiran 311.

Karanta dokokin gida da idon rayuwarmu. Zaman dindindin sharaɗi ne, ba da haya kuma ko an hana ko an taƙaita shi ƙwarai, sai da izinin kwamiti. Zuwa aikin Hajji ko hutun wata biyu a gida ba matsala ba ne, amma ka tafi shekara ka bar ƙanin abokinka yana biyan ka a ɓoye, wannan na iya cinye maka hannun jarin. Taron suna na mutum sittin a hawa na huɗu ma, a kai shi masallaci ko zauren haya.

Ranar rufe ciniki

Daga sa hannu a kwantiragi zuwa wannan rana yakan ɗauki wata biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye idan akwai tallafin birni a ciki. Cikin wannan lokaci kada ka canza aiki, kada ka ci bashin mota, kada ka aika babban kuɗi gida, domin banki kan sake dubawa dab da ƙarshe. Ka tanadi kuɗin lauya, na banki, na inshorar gida, da ajiyar 'yan watanni da kwamiti zai so ya gani bayan ka biya komai. Kwana ɗaya kafin ranar, koma gidan ka kunna kowane famfo da kowane murhu. Idan da rance ka saya, asalin takardar hannun jari da yarjejeniyar zama banki ne zai riƙe har ka gama biya, kai kwafi za a ba ka da makullai.

Tun kafin a buga takardar hannun jarin, ku yanke shawara da lauya sunan wa zai hau kanta, naka kaɗai ko da na matarka, kuma da wace siga, domin sigar ita ke nuna inda hannun jarin zai tafi bayan rasuwa. Idan babu wasiyya a rubuce, dokar jihar Niyu Yok ce za ta raba, ba rabon gadon Musulunci ba, kuma magajin da zai zauna a gidan sai ya bi ta hannun kwamiti. Rubuta wasiyyar a watan da ka tare, ka kuma tambayi sakataren kwamiti ranar babban taron shekara ka sa a kalanda.